Fitilar da ta san dare ya yi: Darasi daga gaɓar Tafkin Kainji

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Koko ta ratsa ƙasar Shanga ta shiga Yelwa, ko ya gangara Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski, zai shaida cewa fitilu iri biyu ne suka fi ɗaukar ido a wuraren jama'a. Akwai wadda za ka tarar tana ci da tsakar rana a ƙofar ofis ko a katangar makaranta, tana gasa da ranar da ta fi ƙarfinta, domin wanda ya kunna ta jiya da magariba ya tafi gida, wanda ya zo da safe kuma bai ɗauka aikinsa ne ya kashe ba. Akwai kuma wadda ke tsaye a kan dogon ƙarfe da farantin sola a kanta, an kafa ta da kiɗa da jawabi, ta yi 'yan watanni tana haskawa, daga nan ta koma wurin hutawar tsuntsaye.

Ta farko ɓarna ce, ta biyu asara ce, amma ciwonsu ɗaya: hasken jama'a ya rataya a kan tunawar wani mutum, shi kuwa ɗan Adam ajizi ne, yana mantuwa, yana tafiya, yana rashin lafiya. Maganin rabin wannan ciwo wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce girman dunƙulen hannu ba, wadda masu wayarin ke kira sensa ko fotosel. Aikinta shi ne ta kunna fitila idan duhu ya shiga, ta kashe idan gari ya waye. Ɗaya rabin kuwa ba a sayar da shi a shago, domin ilimin haɗa na'urar ne da riƙon amanar kula da ita. A kan waɗannan biyu nake son mu tattauna da mai karatu a wannan mako.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Maganar haske tana da wani nauyi na musamman a ƙasar Yauri. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, tafkin da ya taru a bayanta kuma ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,200. Sama da mutum 40,000 aka tayar daga matsugunansu. Tsohuwar Bussa ta nutse, haka nan tsibirai da fadamu masu yawa na Gungawa da maƙwabtansu, aka sauya wa jama'a mazauni a sababbin ƙauyuka. An tsara tashar ne domin injuna 12 masu bayar da megawat 960, aka girka takwas masu ƙarfin megawat 760. Daga nan babban layin wuta ya miƙa Birnin Kebbi, daga can kuma wuta ta tsallaka har Yamai ta Jamhuriyar Nijar.

Jama'ar da suka ba da gonaki da kaburburan kakanninsu domin ƙasa ta sami haske, su ne har yau da yawansu ke sauke kifi a bakin ruwa da hasken tocila ko na wayar hannu. Wannan koke tsoho ne, kuma halattacce ne. Shi ya haifar da hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wato HYPPADEC, wadda Kebbi ke cikin jihohinta. Sai dai yayin da muke neman haƙƙinmu na babbar wuta, wajibi ne mu tambayi kanmu yadda muke yi da 'yar wadda ke hannu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa Naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, kwan fitila ɗaya da ke ci da rana ya daina zama abin wasa.

Mu yi lissafi mai sauƙi. A ɗauka wata makaranta ko kasuwa tana da fitilun waje 20, kowace mai wat 50. Jimilla wat 1,000 ke nan, wato yunit ɗaya a kowace awa. Idan aka bar su suna ci awa 12 na rana, an ƙona yunit 12 a banza. A wata guda yunit 360. Ko da wane farashi aka auna, kuɗin ya ninka na sensa sau da yawa, idan kuwa janareto ke ba da wutar, to asarar ta fi haka ciwo. Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da irin wutarmu. Da yake ba wanda ya san lokacin da za a kawo ta, mutane kan bar makunni a kunne dare da rana, don kada a kawo cikin dare a rasa mai tashi. Sensa ce kaɗai ke warware wannan: in an kawo wuta da azahar ta yi shiru, in an kawo da ƙarfe biyun dare ta haska ƙofa ba tare da an ta da kowa daga barci ba.

Dabarar ta samo asali ne daga bakin ruwa

Abin sha'awa shi ne, mutanen ruwa ne suka fara cin moriyar wannan tunani. A farkon ƙarnin da ya wuce, hasumiyoyin da ke nuna wa jirage hanya a gaɓar tekun ƙasar Suwidin suna amfani da iskar gas ne, kuma da yawansu suna kan duwatsun da ba mai iya zama. Ko dai a ajiye mutum a can, ko a bar wutar tana ci dare da rana. A 1907 wani injiniya mai suna Gustaf Dalen ya ƙera wata na'ura mai sandar ƙarfe baƙa a tsakiya da wasu masu ƙyalli kewaye da ita. Idan rana ta fito, baƙar sandar ta fi saurin shan zafi, sai ta ɗan miƙe ta toshe hanyar gas. Idan rana ta faɗi ta huce ta koma, hanya ta buɗe, fitila ta kama. Wannan aiki da makamantansa suka sa aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1912, shekarar da ya rasa idanunsa sakamakon fashewar gas a wurin gwaji.

Sensar zamaninmu ta bi wata hanya ce daban. Tun a 1873 wani Bature ɗan Ingila, Willoughby Smith, ya lura cewa sinadarin seleniyam yana barin wutar lantarki ta ratsa shi da sauƙi idan haske ya sauka a kansa, ya kuma taurare mata idan duhu ya yi. A kan wannan ɗabi'a aka gina “idon” da ke cikin fotosel. Bayan idon akwai ɗan allon lantarki mai auna yawan haske, sai kuma rile, wato makunnin da maganaɗisu ke ja maimakon yatsa. Shi ne ke yin ƙarar “ƙas” ɗin da ake ji da magariba. An kuma sa mata ɗan jinkiri da gangan, domin kada walƙiya ko fitilar motar da ta gifta su ruɗe ta ta ɗauka gari ya waye.

Wayoyi uku, da inda ake yin tuntuɓe

Yawancin sensar da ake sayarwa a shagunanmu wayoyi uku gare ta. Ta farko ita ce mai shigo da wuta, wadda masu sana'a ke kira layif. Ta biyu nutural ce, wadda na'urar ke buƙata domin ita kanta ta rayu. Ta uku ita ce mai fita, wadda ke ɗaukar wuta zuwa kwan fitila bayan rile ya haɗe. Tsarin haɗin ke nan: layif daga bureka zuwa sensa, mai fita daga sensa zuwa fitila, nutural kuma a raba shi biyu, reshe ɗaya ga sensa, ɗaya ga fitila. Idan gidan fitilar ko sandarta na ƙarfe ne, dole a ɗaura masa wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta idan ta ɓalle ta hau jikin ƙarfen.

A nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Gidajenmu da yawa an yi musu wayarin ne da tsohon tsarin Ingila, inda ja ke nufin layif, baƙa kuma nutural. Amma sensa da yawa da ake shigowa da su suna bin wani tsari dabam: baƙa ko ruwan ƙasa ita ce layif mai shiga, fara ko shuɗiya ita ce nutural, ja kuma ita ce mai fita zuwa fitila. Yaron da ya koyi aiki da ido kawai, ya ga ja ya haɗa da ja, ya ga baƙa ya haɗa da baƙa, to ya juya na'urar ke nan. In an yi sa'a ta ƙi aiki. In ba a yi ba ta ƙone, a ce jabu ce. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce a bi zanen da ke jikin kwalin ko jikin na'urar, a kuma gwada kowace waya da abin gwaji kafin a murɗa.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, domin ba ya nuna kansa. Idan aka yanke nutural maimakon layif, fitila za ta mutu kamar komai lafiya, alhali wuta mai ƙarfin bolt 230 tana nan kwance a cikin mazaunin kwan tana jiran yatsan wanda zai zo canza shi. A bakin tafki, inda ƙasa ke da laima, mutane ke yawo ba takalmi da jiƙaƙƙun hannuwa, wannan ganganci na iya cin rai. Haka nan kada mai gyara ya taɓa fitilar da ke kan sensa don ya gan ta a mace da rana. Inuwar jikinsa ko hadarin da ya taso na iya sa ta kama yana riƙe da waya. A sauke bureka tukuna, a tabbatar, sannan a hau tsani.

Na uku shi ne wurin da aka kafa ta. Na taɓa kwana a wani ƙauye na gaɓar tafkin inda fitilar ƙofar ɗakin shan magani ke kamawa tana mutuwa tun daga magariba har asuba, har wasu suka fara raɗe-raɗin cewa wurin ba lafiya. Da gari ya waye na duba, sai na ga an ɗaure sensar ne a ƙarƙashin kwan, tana kallonsa ido da ido. Duhu ya yi ta kunna; hasken da ta kunna ya faɗo mata ta ɗauka safiya ce ta kashe; duhu ya dawo ta sake kunnawa. Matsar da ita sama da fitilar, inda take kallon sarari, shi ne duk maganin. Akasin haka ma na faruwa: wanda ya cusa ta a ƙarƙashin rumfa ko cikin inuwar mangwaro zai ga fitilarsa na kamawa tun la'asar, ta kuma kai hantsi ba ta mutu ba.

Na huɗu shi ne lodi. Kowace sensa akwai adadin amfiya da aka rubuta mata, sau da yawa 10. Fitilu 20 ɗin da muka yi misali da su suna jan amfiya huɗu da 'yan kai ne kawai, don haka a takarda sun shiga. Amma fitilun zamani na LED suna fizgar wuta mai yawa a ƙiftawar farko ta kamawa, wannan fizga kuma kan narkar da bakin rile ya manne, fitila ta koma ci dare da rana. Gwanin ma'aikaci ba ya ɗora wa sensa dogon layin fitilu kai tsaye. Yakan sa ta ta riƙa jan kwantakta, wato babban makunnin maganaɗisu, shi kuma ya ɗauki nauyin layin. Daga ƙarshe, a tsayar da na'urar yadda ruwan sama ba zai shiga ta ba, a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga akwati domin ruwa ya ɗige a waje, a rufe mahaɗa cikin akwati maimakon naɗe ta da leda. Gwaji kuwa ba ya buƙatar jiran dare: a kifa mata hula ko baƙin ƙyalle, a ɗan saurara, za a ji ta yi ƙara.

Me ke kashe fitilun sola?

Mutane da yawa na neman sensa a jikin fitilar sola su rasa. Dalili shi ne, a yawancinsu farantin ne da kansa ke aikin ido. Akwai ɗan akwatin sarrafawa, kwantirola, da ke auna wutar da farantin ke bayarwa. Idan ta faɗi ƙasa sosai ya san rana ta faɗi, sai ya saki wutar batir zuwa kwan. Idan ta tashi da safe ya kashe fitila ya koma caji. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa lafiyar fitilar gaba ɗaya tana kan tsabtar farantin. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana kwanciya a kansa ta rage caji. Kashin tsuntsaye, waɗanda ba su da iyaka a bakin ruwa, yana ƙara toshe shi. Batirin da ke kwana da yunwa kullum kuwa ba ya daɗewa. Fitilar da a da take kaiwa asuba sai ta koma mutuwa ƙarfe ɗaya, sannan ƙarfe goma, sannan ta yi shiru.

Sau da yawa abin da ya kashe fitilar dubban Nairori bai wuce rashin tsumma da bokitin ruwa da tsani ba, a garin da ruwa ya kewaye. Wani lokaci reshen bishiya ne ya girma ya rufe farantin. Wani lokaci kuma an kafa ta kusa da wata fitila mai ƙarfi, hasken waccan na sauka a farantinta, kwantirola na zaton har yanzu rana ce. Batir kuma, kowane iri ne, yana da wa'adi. Wanda ya kafa fitila bai tanadi kuɗin canza shi ba, ya san ranar mutuwarta tun ranar bikin buɗe ta.

A nan ne sensa iri na biyu ke shigowa, wato mai jin motsi. Ita ba haske take kallo ba, ɗumin jiki take ji. Farar murfin da ke fuskarta mai gida-gida yana rarraba filin da ke gabanta zuwa yankuna, idan jiki mai ɗumi ya tsallaka daga wani yanki zuwa wani sai ta farka. Shi ya sa ta fi saurin kama wanda ya gifta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Amfaninta ga batir babba ne. Fitila mai wat 30 da ke ci da cikakken ƙarfi awa 12 tana shan awar-wat 360. Idan aka sa ta ta zauna a kan wat 9 na tsawon awa 10, ta tashi cikakke a awa biyun da mutane ke wucewa, abin da za ta sha 150 ne, ƙasa da rabi. Batirin da ke kwana da saura shi ne ke ganin baɗi.

Yawancin masu jin motsi suna da maɓallan juyawa uku: na tsawon lokacin da fitila za ta ci, na yawan duhun da za ta fara aiki a cikinsa, da na nisan da za ta ji. Wanda bai daidaita su ba zai kwana akuya na kunna masa fitila, domin na'urar ba ta bambanta mutum da dabba. Kada kuma a kafa ta tana fuskantar wurin bandar kifi ko hayaƙin janareto, saboda zafin da ke kaɗawa yana ruɗa ta.

Kowace fitila da muhallinta

Ra'ayina shi ne, babban abin da ya kamata masu kafa fitilu a wannan yanki su koya shi ne bambanta wurare. Rumbun albasa, ma'ajiyar shinkafa, makewayin kasuwa, barandar makarantar kwana da bayan shago, waɗannan wuraren mai jin motsi ne, domin haske na ɗan lokaci ake buƙata, kamawarsa ba zato kuma tana razana mai mugun nufi. Ɗakin haihuwa da ɗakin ɗinkin rauni ba a sa musu ita ko kaɗan, domin tana iya kashe fitila lokacin da ma'aikaciya ta tsaya cik tana aiki mai buƙatar natsuwa.

Tashar jiragen ruwa kuwa tana buƙatar fitila mai jin duhu, wadda ke ci ba yankewa daga magariba zuwa asuba. Masuncin da dare ya riska a tsakiyar tafki, ko iska ta juyar da kwalekwalensa, ya yi nisan da babu sensar motsin da za ta ji shi. Abin da yake nema shi ne ɗigon haske tabbatacce da zai saita hancin jirgi a kansa. Wannan shi ne ainihin aikin da Dalen ya yi wa mutanen ƙasarsa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sai dai Kainji na da nasa hali. Ruwansa na hawa da sauka da mitoci masu yawa a shekara, saboda cikar damina ta kusa da kuma cikar da ke isowa da hunturu daga can tushen kogin a ƙasar Gini, ga kuma sakin ruwa da madatsar ke yi. Gaɓar da jirage ke tsayawa a watan Janairu ba ita ce ta watan Yuni ba. Ɗan kwangilar da ya zo daga birni ya kafa sanda ba tare da ya tambayi Sarkin Ruwa da dattawan Sarkawa iyakar da ruwa ke kaiwa ba, ko dai ya kafa ta inda za ta nutse, ko inda za ta haska busasshen yashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne kuma za su gaya masa cewa farin haske mai tsanani yana tara ƙwari a bakin ruwa fiye da mai ɗan ja-ja, abin da ke da muhimmanci ga mata masu sayar da abinci da masu shanya kifi.

Dole in yi gargaɗi a nan, kada a fahimce ni a karkace. Haska tasha ba lasisin tafiyar dare ba ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana jigilar fasinja da dare, kuma tana da hujja, domin kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye tun 1968 suna nan a ƙarƙashin ruwa. Hatsarin da ya auku kusa da Wara ranar 26 ga Mayun 2021, inda jirgi ɗauke da sama da mutum 150 ya nutse, kaɗan suka tsira, an danganta shi ne da lodi fiye da ƙima da lalacewar jirgi, babu kuma fitilar da za ta hana irin wannan. Abin da fitila ke yi shi ne ta dawo da wanda dare ya riska, ta taimaki masu aikin ceto, ta hana yaro zamewa tsakanin jirgi da gaɓa.

Haka nan batun tsaro. Yankin da bai manta da ranar 17 ga Yunin 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, ya san cewa akwai daren da jama'a za su fi son duhu, domin haske na nuna ɓarawo, yana kuma nuna wa ɓarawo. Saboda haka ya kamata kowane layin fitilun gari ya kasance da makunnin hannu a wurin da mai unguwa ko 'yan sintiri suka sani, wanda zai iya rinjayar sensa idan buƙata ta taso. Na'ura ta san dare ya yi, amma ba ta san irin daren ba.

Wa zai hau tsani?

Duk abin da na zayyana a sama bai fi ƙarfin matashin da ya gama sakandare ya sami horon mako biyu a hannun ƙwararre ba. Jihar Kebbi na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, tana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero, akwai kuma hukumar NEMSA ta tarayya da ke tantance masu aikin wayarin ta ba su shaida. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan da ƙauyukan da fitilun suke.

Ina ba da shawara uku. Ta farko, duk hukumar da za ta ba da kwangilar fitilu a Yauri da Ngaski da Shanga, ƙaramar hukuma ce ko HYPPADEC ko ofishin ɗan majalisa, ta rubuta a cikin yarjejeniya cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an horar da aƙalla matasa biyu 'yan garin, an miƙa musu tsani da abin gwajin wuta da zanen haɗin wayoyi da bayani cikin Hausa. Ta biyu, kowace fitila ta sami uba: ta tasha a hannun ƙungiyar masu jirage da Sarkin Ruwa, ta kasuwa a hannun Sarkin Kasuwa, ta masallaci a hannun kwamitinsa. Ɗan abin da za a riƙa cirewa ranar kasuwa ya isa ladan mai goge faranti, ya kuma taru ya zama kuɗin batir kafin wa'adinsa ya cika. Ta uku, kafin a sayo sabuwar sanda ko ɗaya, a zagaya a ƙirga matattun da ke tsaye, a buɗe su a ga abin da ya kashe kowace. Ina da yaƙinin za a tarar da yawansu gyaransu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabuwa ba. Sai dai gyara ba ya zuwa da bikin yanke ƙyalle, wataƙila shi ya sa ba a cika sha'awarsa ba.

Masarautar Yauri, wadda Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon Shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ke jagoranta, tana da hakimai da dagatai a ɓangarenta na gaɓar tafkin, kuma jama'a na jin maganarsu. Idan aka iya tara jirage da 'yan kallo domin bikin Rigata, ba zai gagara ba a sa kowane dagaci ya kawo adadin fitilun garinsa, masu rai da matattu, sau biyu a shekara, kafin hunturu da kafin damina.

Neman cikakkiyar wuta ga al'ummar da ta sadaukar da ƙasarta domin Kainji haƙƙi ne da ba za a daina bibiyarsa ba, kuma babu wata 'yar na'ura da za ta maye gurbinsa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Garin da ya iya riƙon fitila goma, ya san wayar da ke shiga da wadda ke fita, ya san ranar wanke faranti da ranar canza batir, shi ne zai iya riƙon taransifoma idan ta zo. Allah Ya haskaka mana garuruwanmu, Ya kiyaye masu shiga ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.